Harsashin Maharbi da na Gandiroba: Bindiga Ɗaya, Aiki Biyu

A Amurka, inda mallakar bindigar farauta ba baƙon abu ba ne, akan sami mutum yana aikin gandiroba cikin mako, ƙarshen mako kuma ya shiga daji farauta. Bindigar da ake ba shi a ma'ajiyar makaman gidan yari, sau da yawa ƙirar Remington 870 ko Mossberg 500, ita ce dai irin wadda yake da ita a gida. Kwanson harsashin ma kamanninsa ɗaya. Shi ya sa ake yawan tambayar ko harsashin da ya dace da daji zai dace da tsaron fursuna.

Ruɗanin ya wuce Amurka. Ko a nan gida akwai maganganun da suka zauna a bakin mutane: wai harsashi mai ƙananan ƙwayoyi ba ya kisa, sai dai ya ji ciwo, wai wannan bindiga ba ta buƙatar saiti tunda watsawa take yi, wai duk kwanson da ya shiga bindiga ya zauna, to nata ne. Babu ɗaya a cikinsu da ke daidai, kuma kowacce ta taɓa cin rai.

Wace bindiga ake nufi

Bindigogin kafaɗa iri biyu ne. Akwai mai tsagi a cikin bututu, kamar AK-47, wadda ke murza harsashi guda ɗaya ta aika shi nesa. Akwai kuma mai santsin ciki, wadda Turawa ke kira shotgan, mu kuma muke cewa bindigar farauta: mai baki ɗaya, mai baki biyu, ko wadda ake ja da turawa a ƙarƙashin bututu kafin kowane harbi. Bindigar toka ta maharbanmu, harbi-ka-ruga, danginta ce, sai dai ita ta baki ake ɗura mata albarushi da dalma. Ta zamani komai nata yana cikin kwanso guda na roba mai gindin ƙarfe: maɓallin da ke tayar da wuta, albarushi, toshiyar da ta raba albarushi da ƙwayoyi, sannan ƙwayoyin kansu.

Faɗin bututun ana auna shi da abin da ake kira geji, kuma lissafinsa a juye yake. A raba laba ɗaya ta dalma, wato giram 454, gida 12 daidai, a mulmula kowane kaso. Faɗin ƙwallo ɗaya shi ne faɗin bututun geji 12, kimanin milimita 18.5. Geji 20 ya fi shi ƙanƙanta, milimita 15.6. Geji 12 shi ne ya fi yawa a duniya, a hannun maharba da jami'an tsaro duka.

Tsawon kwanso ma ya bambanta: akwai milimita 70, 76 da 89. Bindigar da aka ƙera don 76 za ta ci na 70 lafiya lau, amma akasin haka haɗari ne, domin dogon kwanso yakan shiga ya zauna kamar ba komai, sai an harba bakinsa ya rasa wurin buɗewa, matsi ya yi yawa. Wanda ya fi wannan muni shi ne kwanson geji 20 ya faɗa bindigar geji 12. Yakan zame ya maƙale can cikin bututu, mai bindiga ya ga wurin fanko ya sa wani a bayansa, bututun ya tarwatse a hannunsa. Dalilin da ya sa kamfanonin Amurka suke yi wa kwanson geji 20 launin rawaya ke nan.

Abin da ke cikin kwanso

Iri uku ne manya. Na farko harsashin tsuntsu, mai ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi. Na biyu bakshot, harsashin barewa, mai manyan ƙwayoyi kaɗan. Na uku dunƙule, curin dalma guda ɗaya da ya cika bututu. Ƙwayar harsashin tsuntsu mai lamba 7½ ba ta wuce ƙwayar gero ba, milimita 2.4, ta bakshot mai lamba 00 kuwa ta kai ƙwayar gyaɗa, milimita 8.4.

Nan ma lamba tana hawa, ƙwaya tana ƙanƙancewa. A ma'aunin Amurka, giram 28 na lamba 8 ƙwayoyi ne kusan 410, na lamba 6 kusan 225, na lamba 4 kusan 135. A ɓangaren bakshot, kwanson geji 12 mai tsawon milimita 70 yakan ɗauki ƙwaya 27 ta lamba 4, ko 16 ta lamba 1, ko 9 ta lamba 00. A lura cewa lamba 4 ta tsuntsu daban, lamba 4 ta bakshot daban. Ta biyun ta kusa ninka ta farkon a faɗi. Ingila tana da nata sunayen, irin su BB, AAA, SSG, SG da LG, kuma su ne aka fi gani a jikin kwalaye a Afirka ta Yamma. Duk mai bin labaran kamen makamai a Gana ya saba jin an ce an kama kwalayen AAA ko BB.

Dunƙule shi ne ke mayar da bindigar farauta kusan bindigar harsashi guda. Wilhelm Brenneke na Jamus ya fito da nasa samfurin a 1898, Karl Foster na Amurka ya ƙirƙiro nasa a 1931, kuma har yau su biyun ake yi. Nauyinsa yakan kai giram 28, yana kuma iya kayar da babbar dabba daga nisan mita 70 zuwa 100.

Akwai kuma cok, wato ɗan matsewar da ake yi wa bakin bututu don ƙwayoyi su tafi a haɗe. Tsohon ma'auni shi ne a harbi da'ira mai faɗin inci 30 daga nisan yadi 40: bututun da ba matsi yakan zuba kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwayoyin a ciki, mai cikakken matsi kusan kashi 70. Wannan lissafi ya isa ya rushe maganar rashin buƙatar saiti. A nisan taku biyar ƙwayoyin ba su gama rabuwa ba, a dunƙule suke tafiya, mai harbi yana iya kuskure sarai. A nisan mita 40 kuma, ko da saitinsa ya yi kyau, wani kaso mai yawa ya wuce gefe ya tafi inda ba a aike shi ba. Ƙwayar tsuntsu takan yi tafiyar mita 200 kafin ta faɗi, ta bakshot 00 fiye da mita 500.

Lissafin maharbi

Burin maharbi shi ne dabba ta faɗi nan take. Wanda ya raunata gada ta tsere ta mutu a cikin ƙaya bayan kwana biyu ya yi asara biyu: bai sami nama ba, ya kuma azabtar da dabba. Saboda haka zaɓinsa yana tsakanin abu biyu da ba sa haɗuwa: yawan ƙwayoyi, don wasu su sami abin da ke tashi sama, da nauyin kowace ƙwaya, don ta ratsa gashi da tsoka ta kai ga inda rai yake. Kurciya da hasbiya lamba 7½ ko 8 ta ishe su. Fakara, zabon daji da zomo suna son 6 ko 5. Agwagwar ruwa da dinya, masu kaurin gashi kuma ana harbinsu daga nesa, sai 4 zuwa BB. Dabba mai ƙafa huɗu daga gada zuwa sama, bakshot ne a kusa ko dunƙule. Harbin barewa da harsashin tsuntsu zalunci ne kawai, harbin kurciya da bakshot kuma ɓarna.

A Amurka doka ta shiga cikin zaɓin. Tun 1935 aka hana mai farautar tsuntsaye masu ƙaura ya sa fiye da kwanso uku a bindiga. Jihohi irin su Ohio, Illinois da Iowa, masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da gonaki kusa da gidaje, sun daɗe suna taƙaita farautar barewa ga dunƙule saboda ba ya nisa kamar harsashin bindiga mai tsagi, kodayake daga baya sun sassauta.

Ga maharbi Musulmi akwai ƙarin dalilin kula. Malaman Malikiyya na baya sun halatta naman da aka harba da dalma idan an ambaci sunan Allah wajen harbi, tare da sharaɗin a yanka dabbar idan an riske ta da rai. Harsashin da bai dace ba shi ne ke sa dabba ta ɓace da rauni, a tsince ta daga baya cikin shakka.

Rigimar dalma

Dalma ta yi farin jini ne saboda nauyi, laushi da arha. Matsalarta guba ce, abin da ba sai an yi wa mutanen Zamfara bayani ba bayan mutuwar yara sama da 400 a 2010, duk da cewa tasu daga haƙar zinariya ta fito. Yawancin ƙwayoyin da aka harba a kan fadama cikin laka suke faɗawa. Agwagi suna tsintarsu a matsayin tsakuwar da suke haɗiya don niƙa abinci, ƙundu ya niƙe su, gubar ta shiga jini. Hukumar kula da sinadarai ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta cewa tsuntsayen ruwa kusan miliyan ɗaya ke mutuwa haka duk shekara a ƙasashenta. Ungulu da mikiya kuma suna ɗaukar tasu daga mushen dabbobin da aka harba.

Amurka ta haramta dalma a farautar tsuntsayen ruwa a 1991. Denmark ta hana ƙwayoyin dalma baki ɗaya a 1996. California ta hana duk wani harsashin dalma a farauta daga Yulin 2019, Tarayyar Turai kuma ta hana ƙwayoyin dalma a fadamu daga Fabrairun 2023. Najeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar AEWA ta kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai, wadda ta nemi a daina amfani da dalma a fadamu, kuma dausayin Haɗeja da Nguru yana cikin wuraren da waɗannan tsuntsaye ke sauka.

Maharba suna da nasu ƙorafin, kuma ba na banza ba ne. Ƙarfen da ya maye gurbin dalma bai kai ta nauyi ba, don haka yana saurin rasa ƙarfi. Akan shawarci mutum ya ƙara girman ƙwaya da lamba biyu. Ƙarfen yana da tauri, yana iya lalata tsohuwar bindiga mai matsattsen baki, yana kuma dawowa idan ya bugi dutse. Bismut da tangstin, wasu ma'adanai masu nauyi, sun fi shi aiki amma tsadarsu ta fi ƙarfin talaka.

Da aka shiga gidan yari

A nan lissafin ya juye gaba ɗaya. Gandiroba ba kisa aka aike shi ba. Aikinsa ya raba faɗa, ya hana tserewa, ya kare ran abokin aiki ko na wani fursuna, kuma mutumin da ke gabansa amana ne a hannun hukuma. Wurin ma daban ne: fili mai daɓen siminti, bango ta ko'ina, mutane a cunkushe. Watsuwar ƙwayoyi, wadda ita ce alherin bindigar a daji, a nan ita ce aibinta, domin babu wanda zai iya ba da lissafin inda kowace ƙwaya ta nufa.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na gidan yarin Attica a jihar New York. A ranar 9 ga Satumba, 1971, fursunoni suka ƙwace wani ɓangare na gidan, suka yi garkuwa da ma'aikata. Bayan kwana huɗu ana tattaunawa, Gwamna Nelson Rockefeller ya amince a ƙwato wurin da ƙarfi. Da safiyar 13 ga wata jirgi mai saukar ungulu ya zuba barkonon tsohuwa, 'yan sandan jiha da wasu gandirobobi suka buɗe wuta, da yawansu da bindigar farauta ɗauke da bakshot 00. Cikin hayaƙi, a filin da fursunoni da waɗanda aka yi garkuwa da su suke cakuɗe, kowane harbi yana sakin ƙwayoyi tara ko fiye. Mutum 39 suka mutu: fursunoni 29 da ma'aikata 10. Da farko hukumomi sun ce fursunoni ne suka yi wa ma'aikatan yankan rago, amma binciken gawa da Dokta John Edland ya yi ya nuna harbi ne ya kashe su, alhali fursunonin ba su da bindiga ko ɗaya. Kwamitin bincike na Robert McKay, a rahotonsa na 1972, ya soki zaɓen wannan harsashi a irin wannan wuri.

Wani zai ce to a koma ga harsashin tsuntsu mana. Jihar Nevada ta gwada haka shekaru da yawa. Gandirobobinta da ke kan tudun tsaro a lokacin suna riƙe da bindiga mai harsashi lamba 7½. Idan faɗa ya kaure, sai a fara da harbin gargaɗi maras ƙwaya, sannan a harbi daɓe don ƙwayoyin su yi tsalle su sami ƙafafun masu faɗa. A takarda dabara ce mai sauƙi. A zahiri ƙwayar da ta bugi siminti ba ta da alƙibla, harbin kan mai uwa da wabi ne, kuma fursunoni sun rasa idanu, har da waɗanda ba su cikin faɗan. A Nuwamban 2014, a gidan yarin High Desert, aka harbe wani fursuna har lahira da wannan harsashi, hannuwansa ɗaure da ankwa ta baya. A kusa, ɗaruruwan ƙwayoyin nan tare suke shiga jiki. Masu binciken da aka gayyato daga waje a 2015 sun ba da shawarar a daina, sun kuma danganta dogaro da bindiga da ƙarancin ma'aikata a cikin ɗakuna. A 2016 jihar ta janye harsashin. Abin da ya faru a yankin Kashmir a wannan shekarar, inda jami'an Indiya suka yi amfani da irin wannan harsashi a kan masu zanga-zanga ɗaruruwa suka sami raunin ido, ya ƙara tabbatar da darasin.

Harsasan da ake cewa ba sa kisa

Akwai kwanson da ke ɗauke da 'yar jakar ƙyalle mai ƙwayoyin dalma kimanin giram 40, wadda ke tafiya a hankali ta naushi mutum ba tare da ta huda shi ba. Akwai dunƙulen roba, akwai ƙwayoyin roba. Masana sun daina ce musu marasa kisa, sai dai masu ƙarancin kisa, kuma gyaran yana da dalili. Wani nazari da mujallar BMJ Open ta buga a 2017 ya tattara bayanan mutum 1,984 da irin waɗannan harsasai suka sama daga 1990: 53 sun mutu, 300 sun nakasa har abada, galibi saboda an same su a kai, wuya ko ƙirji. A zanga-zangar Chile ta 2019 sama da mutum 400 suka sami raunin ido, binciken Jami'ar Chile kuma ya gano ƙwayoyin da ake kira na roba kashi 20 cikin 100 ne kawai roba, sauran ma'adanai ne har da dalma.

Haɗarin ruɗe kwanso shi ma yana nan. A 2011 wani ɗan sanda a birnin Portland ya ɗura bakshot a bindigar da aka ware don jakar ƙyalle, ya harbi mutum ya ji masa mummunan rauni. Saboda irin haka ne hukumomi suke yi wa waɗannan bindigogi gindi mai launin lemo, suke kuma hana ajiye harsasan biyu wuri ɗaya.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu kare bindigar farauta a gidan yari suna cewa harsashinta ba ya nisa kamar na bindiga mai tsagi, don haka ta fi aminci ga unguwannin da ke kewaye. Tana da arha da sauƙin koyo. Ganinta kawai yana sanyaya gwiwa. Kuma gandiroba ɗaya da ke kallon mutum ɗari ba zai tsaya hannu rabbana ba yayin da ake caka wa wani wuƙa. A cikinsu ma akwai saɓani: wasu sun fi son bakshot mai ƙwaya 8 da aka rage wa ƙarfi, don ba ya dukan kafaɗa sosai kuma yana tafiya a haɗe, wasu sun ce dunƙule kaɗai ya dace tunda harsashi ɗaya ne mai alƙibla ɗaya.

Ɗaya ɓangaren yana kafa hujja da ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya. Dokokin Nelson Mandela na 2015, a doka ta 82, sun ce ma'aikacin da ke cuɗanya da fursunoni kai tsaye kada ya riƙe makami sai a yanayi na musamman, kuma kada a ba kowa makami sai an horar da shi. Ƙa'idojin Havana na 1990 sun taƙaita harbi ga kare rai ko hana tserewar wanda ke barazana ga rai. Jagorar da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya fitar a 2020 ta ce kada a taɓa amfani da ƙwayoyin ƙarfe irin na bindigar farauta a matsayin makami mai ƙarancin kisa. A Ingila gandirobobi ba sa riƙe bindiga sam.

Idan aka auna, hujjar masu bindiga tana da ƙarfi a kan katanga, a ƙofa da wajen rakiyar fursuna, amma tana da rauni a tsakar gida. Kuma ko a inda aka yarda da ita, zaɓin harsashi ba na gandiroba ba ne. Maharbi yana shiga shago ya zaɓi abin da ya ga dama cikin iyakar doka; gandiroba abin da hukuma ta ba shi, ta horar da shi a kai, ta rubuta a littafi, shi kaɗai zai ɗauka. Wanda ya kawo kwanso daga gida ya sa a bindigar aiki ya ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya a kansa.

Yadda abin ya shafi Najeriya

Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, na mutum ɗaya da Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba lasisi, da na ɗurawa ta baki irin bindigar toka, da ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Mai baki ɗaya da mai baki biyu suna cikin kaso na biyu, amma dokar ta cire wadda ke da na'urar sake ɗuri, irin wadda ake ja da turawa, daga wannan kaso, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Irin wannan ce jami'an kwastan suka kama guda 661 a Legas a Janairun 2017. Harsashi ma sai da lasisi.

Hukumar gidajen gyaran hali, wadda dokar 2019 ta sauya wa suna, tana da rundunar masu ɗauke da makamai don tsaron kewaye da rakiya. Sai dai barazanar da ta fi damunta daga waje take zuwa. A harin Owerri na Afrilun 2021 fursunoni 1,844 suka tsere. A na Kuje na Yulin 2022 sama da 800. Maharan sun zo ne da bama-bamai da bindigogin yaƙi, waɗanda harsashinsu ke kai ɗaruruwan mitoci, inda bakshot ya gama aiki a mita 40. A irin wannan hari bindigar farauta ba ta da abin yi. Haɗarin da ake hange shi ne tsoron irin waɗannan hare-hare ya sa a ƙara shigar da makamai cikin gidajen da suka riga suka cika maƙil, mafi yawan mazaunansu masu jiran shari'a, sannan a ɗauki harsashin tsuntsu ko na roba a matsayin sassauci wajen kwantar da tarzoma. Nevada ta bi wannan hanya, ta biya diyya a kotu, daga baya ta mayar da hankali ga horar da ma'aikata da ba su barkonon fesawa.